Gadon Kusa da Nawa

Kwanana tara a asibiti da shanyewar jiki, ba hannu, ba baki, ido kawai nake iya juyawa. A gadon kusa da nawa akwai wani tsohon direba mai karaya a cinya, mutum mai barkwanci da kowa.

Daren nan 'yata tana barci a tabarma sai wata nas ta shigo. Ban ji takunta ba, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai ya cika ɗakin. Ta tsaya kan direban, ta danne masa baki da hanci da tafinta. Ya yi ta shure-shure, ƙarfen gadon yana kaɗawa, idonsa a kaina. Na yunƙura in yi ihu, miyau ne kawai ya gangaro mini a haɓa. Mayafin 'yata yana gogar yatsuna, na kasa jan sa.

Da ya daina motsi, ta ja masa bargo har ka. Na runtse ido kamar mai barci.

Wani sanyi ya matso kunnena. Na ɗan buɗe ido. Fuskar nas ɗin ce dab da tawa, amma muryar direban ce ta fito daga bakinta:

"Maƙwabci, ai na san idonka biyu."