Idanun Bouchra Ranar Kai Amarya

Ridwane ya fara ganin Bouchra ne a labo, ɗakin gwaje-gwajen da yake bincike a Abomey-Calavi. Ta zo ba da miyau don gwaji, ta daɗe riƙe da ƙaramar kwalba, ko ɗigo bai taru ba.

"Malam, kallon da kake yi mini ba zai sa ya zo ba," in ji ta.

Ya yi mata bayanin ciwonta, Sjögren: garkuwar jikinta ce ke yaƙar wuraren da ke yin miyau da hawaye. Aikinsu shi ne bin ƙwayoyin halitta, su gano wadda ke tayar da yaƙin.

"In ka same ta, ka ce ina gaisuwa."

Ashe su biyun duk 'yan unguwar Zongo ne. Kafin damina ta wuce yana kiranta 'Yar Gora, saboda gorar ruwan da ba ta rabuwa da ita.

Da ya ce zai aure ta, mahaifiyarsa, Hajiya Oumou, ta ƙi. Ta je ta'aziyyar mahaifin Bouchra, ta gan ta ido a bushe.

"Yarinyar da ba ta yi wa ubanta ƙwalla ba? Ranar da na mutu shayi za ta dafa. Ga Sabrina ta unguwar Sainte-Rita, mai tausayi."

"Mama, ciwo ne. A jininta muka gani."

"Bar zancen labo a labo."

Kawunnansa suka sa baki aka ɗaura aure, amma Hajiya ta ce ranar kai amarya za ta duba da idonta. Kowace amarya tana kuka in za ta bar gidansu.

Ranar, yayar Bouchra, Adda, ta kawo yankakkiyar albasa a ƙulle cikin hankici. Bouchra ta tura wa Ridwane saƙo: "Adda ta ce in yi wa Mama kukan albasa."

Ya amsa: "Zai ji wa idonki ciwo, kuma ruwan ba zai zo ba. Zo yadda kike, 'Yar Gorata."

"Da ma ba izini nake nema ba. Na ba masu girki ita."

Da yamma aka kai ta. A gaban mata Hajiya ta ɗaga mayafin. Idanun jajaye ne, a bushe.

"Mama, ranar da Baba ya rasu na yi kuka har muryata ta dishe," in ji Bouchra. "Ruwan ne ba ni da shi. Ba zan shigo gidanki da ƙarya ba."

Ta ciro maganinta ta ɗiga a ido. Ruwa ya gangaro kumatunta.

"Wannan na farmasi ne. Kada a ce nawa ne."

Hajiya ta daɗe tana kallon busassun leɓunanta, sannan ta share nata idon da bakin zane.

"Tun safe kuna ta surutu, ba wanda ya ba 'yata ruwa? Adda, miƙo gorar. Allah ya ba ku zaman lafiya. Kukan gidan nan, ni na ɗauke miki."