Lotsawar Ƙofar Direba

Ranar da ya fara shiga shagon kayan kwalliyar, abin da ya nema shi ne hoda ruwan ƙasa, da abin goge farce, da ɗan hantsakin cire gira.

Auta ta dube shi daga sama har ƙasa. Dogo ne, siriri, da ɗigon koren fenti a babban yatsansa.

"Matar taka fara ce ko baƙa? Don in san kalar da zan ba ka."

"Ba ni da mata."

"To budurwar."

"Mota ce."

Ya ciro waya ya nuna mata hoto: wata 'yar mota zaune a tafin hannunsa, da sitiyarinta da kujerunta, har da madubi. Ya ce a kwali ake sayar da su, gutsi-gutsin roba sama da ɗari, mutum ya haɗa da gam, ya goge, ya fesa fenti. Hodar kuwa ita ke zama tsatsa da ƙurar hanya a ƙasan ƙofofi.

"Wato mutane na wahala motarsu ta koma sabuwa, kai kana tsufar da taka da gangan?"

"In ba ta nuna ta sha hanya ba, ba ta zama gaskiya."

Ta yi dariya har ta dafa kantar shagon. Aure da yawa sun fara da abin da bai kai wannan hujja ba.

Malamin lissafi ne a sakandare, amma daga ranar ta sa masa Injiniyan Roba. Shi kuma ya riƙa dawowa sayen hodar da za ta ishi motoci dubu.

"Injiniyana," ta rubuto masa wata rana, "yau wata ta sayi irin hodarka. Saura kaɗan in tambaye ta lafiyar tayoyinta."

"'Yar Hodata, tun safe nake neman madubi ɗaya da ya faɗi ƙasa. Na same shi manne a gwiwar hannuna. Tun da na san ki hankalina ba ya kan tebur."

Matsalar ita ce Baba, mahaifin Auta. Shekara talatin da biyar yana gyaran jikin mota, yana buga ƙarfe har ya miƙe. Tun rasuwar mahaifiyar Auta, shekara shida ke nan, maganarsa ta koma kamar ana auna masa ita da cokali. Da Gwaggo, yayarsa, ta kai masa zancen malamin, sai ya ce:

"Ƙato da gemu yana wasa da motar yara? Shi zan ba 'yata?"

Akwai kuma wani dillalin motoci da ke zuwa garejin Baba kullum da mota daban, yana gaida Baba har ƙasa, idonsa na kan hanyar da Auta ke kawo abinci. Baba ya ce ƙarshen wata zai ba iyayen dillalin amsa. Kowa a gidan ya san amsar.

Auta ce ta kawo dabara. Ta ɗauki wani tsohon hoto da waya ta tura wa Injiniya: wata koriyar mota, da mace tsaye a gefenta tana kare rana da hannu.

"Motar Baba ce ta da. Ya sayar da ita bayan rasuwar Mama. Ka yi masa irinta, ya ga aikin hannu ne ba wasa ba."

Mako biyu ya yi a kanta. Kwalin da ya samu bai yi daidai ba, sai da ya yanke bayan motar ya sake shi, ya haɗa kore huɗu kafin ya sami kalar. Sannan ya yi abin da masu wannan aiki ke yi ba tare da tunani ba: ya ƙara girman hoton har ya fara dushewa, yana neman abin da ido ya tsallake. A ƙofar direba, ƙasa da mariƙi, ya ga lotsawa. Ya ji daɗi kamar ya tsinci zinariya. Ya ɗora bayan ƙaramin cokali a kan kyandir, ya danna robar a hankali. Bai gaya wa Auta ba, yana so ta sha mamaki.

A gareji ya kai kyautar, da hantsi, dillalin na zaune a kan benci. Baba ya goge hannu ya buɗe kwalin. Ya daɗe yana kallo. Da ya juyo da motar gefen direba, sai fuskarsa ta mutu.

Dillalin ya leƙo ya fashe da dariya.

"Baba, ai wannan saƙo ne! Mai gyaran jikin mota, ga tasa a lotse. Malam, ka iya zagi cikin ladabi."

Baba ya mayar da motar, ya rufe kwalin.

"Ɗauki abinka."

"Baba, ku yi haƙuri, ni a hoton na…"

"Na ce ɗauki."

Saƙon Auta ya iske shi kafin ya isa gida.

"Wa ya sa ka? Mama ce ta yi wannan lotsawar tana koyon tuƙi. A gidanmu ba a zancenta, ko hoton ba ma ciro shi a gabansa. Ni ban ma lura ta fito ba, kai da idonka na tsiya ka tono ta. Yau Baba bai ci abinci ba. Kada ka kira ni."

Ya kira sau goma sha ɗaya. Ya rubuta: "'Yar Hodata, wallahi ban sani ba. Zan gyara."

Ba ta amsa ba. Kwana tara ba ta amsa ba. Gwaggo ta ce tana kuka a kicin, ta ɗora laifin a kan albasa ko da ba a yanka ba. Dillalin kuwa ya fara tambayar kalar labulen da take so.

Injiniya ya yi abin da ya iya. Ya cike gurbin lotsawar da fila, ƙullun toshe rami, ya bi da samfefa mai laushi, ya fesa fenti hawa uku. Ƙofar ta fito sumul, ko shi ba ya gane wurin. Saura kwana biyu wata ya ƙare ya tafi gidan da la'asar. Gwaggo ta shigar da shi falo, tana cewa in an kore shi ba ruwanta.

Baba ya karɓi kwalin don kunyar yayarsa kawai. Ya ciro motar, ya bi ƙofar da babban yatsa, ya sake bi.

"Ina lotsawar take?"

"Na gyara, Baba."

"Wa ya sa ka?"

Auta, da ke laɓe bayan labule, ta runtse ido.

"Shekara goma sha ɗaya mahaifiyar Auta tana roƙona in buga mata ƙofar nan," in ji Baba. "Na ƙi, don kullum in sami abin tsokanarta. Wanda ya sayi motar, kwana biyu ya sa aka gyara. Na gan ta ta wuce a titi kamar ba wanda ya taɓa zama a ciki. Na ɗauka babu sauranta a duniya. Sai ga ka da ita a kwali, a gaban mutane, wani yana yi mata dariya. Yanzu kuma kai ma ka shafe."

Gwaggo ta ja bakin mayafi ta share hanci.

"Kuma ta farkon ma ba daidai ka yi ba," Baba ya ci gaba, yanzu da muryar gareji. "Ka yi ta zagaye kamar an kai mata naushi. Ƙarfen get ne ya ja ta. Doguwa ce, ta fi zurfi ta baya. Da me ka yi?"

"Cokali da kyandir, Baba."

"Auta! Na san kina nan. Kawo cokali da kyandir."

Ta kawo, idonta jajir, ba ta kalli kowa ba. Baba ya sa tabarau ya gasa cokalin. Hannun da ya saba da guduma ya yi wa roba nauyi, dannawar farko ta kusa huda ƙofar.

"A hankali, Baba, ku bari ya ɗan huce. Roba ba ta son gaggawa."

"Kai za ka koya mini lotsawa?"

"A'a, Baba. Robar kawai."

Injiniya ya riƙe motar, Baba ya ja cokalin daga gaba zuwa baya. Yana ja yana ba da labari: yadda ta taka mai a maimakon birki, yadda ta fito tana rantsuwa get ɗin ne ya matso. Rabon Auta da jin ya ambaci uwarta tun ranar jana'iza. Ta zauna a ƙasa ta kifa kai a gwiwa.

Da aka gama, Baba ya ɗaga motar wajen taga ya daɗe yana dubawa.

"Haka take." Ya juya wurin Gwaggo. "Yaya, ki gaya wa mutanen dillali su yi haƙuri. Wannan kuma ya turo manyansa, kafin in dawo hayyacina."

Da yamma wayar Injiniya ta yi ƙara.

"Har yanzu ina fushi da kai. Ka ci abinci?"

Bayan wata biyu aka ɗaura auren. Da za a tafi da amarya, Baba ya sa aka kira su su biyu ɗakinsa. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran nasihar da aka saba, ta haƙuri da zaman lafiya. Baba ya ɗora hannu a kan Auta, ya dubi angon.

"Ɗayanku zai riga ɗaya tafiya. Ranar nawa auren ba wanda ya gaya mini, kowa dariya yake yi. Ni na gaya muku. Allah Ya yi muku albarka, Ya jinkirta muku wannan rana har sai kun tsufa kun gaji da juna."

"Haba, a ranar biki?" in ji Gwaggo.

Auta ta kama hannun mijinta a gaban mahaifinta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta riƙe gam.

"Amin, Baba," suka ce.