Kofin Lotário

Mijina Lotário ya rasu, kuma kofinsa ba ya rataye a kantin Dona Irmgard yanzu. Ni na sauke shi da hannuna, sai dai ban yi yadda ake yi ba.

A ƙauyenmu na kudancin Brazil, kantin nan shi ne wurin cefane, shi ne gidan abinci. Tun kakanninmu da suka zo daga Jamus, kowane dattijo yana da kofinsa na tangaran na shan giya a jikin ƙusa, saman teburin da ke lungu. Idan ya mutu, matarsa ce za ta sauke kofin, ta kife shi, ta wuce da shi kabarinsa ba tare da ta biya ta gida ba.

Sau uku Irmgard tana aiko mini, na ƙi zuwa. Shekara talatin da ɗaya, duk Alhamis yana teburin nan na kantin yana karta da abokansa, ni ina tatsar shanu ni kaɗai. Na yi roƙo, na yi faɗa, na yi gaba, bai fasa ba. Yanzu kuma a ce in je in yi wa kofinsa hidima?

Wata Alhamis da yamma burodi ya ƙare mini, dole na tafi. Ƙamshin kyafaffen nama da tsamin kabeji suka tare ni tun daga ƙofa. Ba kowa a ciki sai Irmgard tana goge wuƙar yanka cuku.

"Ko ɓawon burodi ba zan sayar miki ba, Nelsi, sai kin sauke abin can," in ji ta.

Na ce, "To ki cinye kayanki, uwar rowa."

Ba ta yi dariya ba. Ta rage murya ta ce duk safiyar Juma'a tana tarar da kofin a kan tebur, cikinsa a jiƙe, an ja kujerarsa baya. Tsofaffin duk sun gudu. Kantinta na mutuwa saboda taurin kaina.

Raina ya ɓaci. Na ce zan sauke, amma sai na ci abinci a teburin nan da ba a taɓa gayyatata ba. Ta kawo baƙin burodi, da cuku, da nama, ta ajiye. Ta ce za ta je baya ta ƙara itace a ɗakin kyafe nama.

"Ki kife shi," ta ce daga bakin ƙofa. "Kuma maƙabarta kai tsaye."

Na fara ci da haushi. Rana ta kusa faɗuwa, hasken taga ya yi ja. Agogon bango yana ƙas, ƙas, ƙas.

Sai ya yi shiru.

Ƙamshin naman ya ɗauke. Wani wari ya maye gurbinsa: jiƙaƙƙiyar ƙasa, da tabar da Lotário ke naɗewa a ɓawon masara.

Kujerar da ke gefena ta ja baya a hankali, ƙiii.

Na ɗaga kai. Ƙusar ba komai. Kofin yana kan tebur, a cike, kumfa na gangarowa ta gefensa.

Na dubi farantina. An ɓare ɓawon burodin tas, an bar mini tsakiyar mai laushi. Haka yake yi mini tun da haƙorana suka fara ciwo.

"Nelsi," aka raɗa. "Yau dai kin zo."

Na ture farantin gefe.

Kofin ya matso gabana da kansa.

"Sha mana. Zauna da mu."

Da mu. Sauran kofunan da ke bango suka fara kaɗawa, suna bugun juna.

Wani sanyi ya kama wuyan hannuna, yatsu biyar.

Na fizge. Na suri kofin, giyar ta zube mini a riga, na banke ƙofa na fita da gudu. Ban kife shi ba. Ban tuna da maƙabarta ba. Sai da na sa sakatar gidana na ga abin da na rungumo.

Washegari na kai shi kabarin, na kife shi, har na ɗora dutse. Yana nan har yau. Kantin Irmgard ya sake cika, tsofaffi sun koma kartarsu, burodi kuwa har gida take aiko mini.

Amma duk Alhamis da almuru, kujerar ɗakin girkina tana ja baya, warin taba ya cika gidan. Fasto ya ce matattu ba sa dawowa, wani abu ne ya ari muryarsa. Wannan bai rage mini komai ba. Shekara talatin da ɗaya ina roƙon mutumin nan ya zauna gida ranar Alhamis, sai yanzu ya ga dama.

Ku taya ni da addu'a. Allah ya ba Lotário hutu a inda yake, ni kuma ya ba ni Alhamis ɗaya ni kaɗai. Amin.