Fuskar Casiano a Garin Katako

Rana ta take tsaka a watan Agusta aka buga wa Sufeto Baldomero Viciana waya, aka ce an yi sata a Garin Katako. Ya ajiye cokalinsa yana tsaki, ya ɗauki kofur biyu suka nufi hamadar Tabernas.

Duk wanda ya tashi a nan ya san Garin Katako. Titi ɗaya ne, da gidan giya, da coci, yawancin ginin fuska ce kawai aka tokare ta da itace ta baya. A nan baƙi suka yi ta ɗaukar finafinan kaboyi shekaru talatin da suka wuce. Samarinmu ne ke faɗowa daga kan doki da rufin ɗaki a madadin jarumai, su kakkarye, kuma a ɓoye fuskarsu daga kyamara. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Har yau abin yana ƙona mini rai.

A ɗakin da za a buɗe gidan tarihi washegari, Sufeto ya tarar da wata tsohuwa mai suna Eduvigis, rungume da katakon hoto wanda babu komai a cikinsa.

"Iya, me aka ɗauka?"

"Mijina aka ɗauka," ta ce. "Casiano. Zanen fentin ruwa ne, da hannuna na yi shi a makon da ya faɗo daga hasumiyar cocin can. Faɗuwar ce ta karya masa baya, ta kai shi kabari. Duniya ta ga ƙeyarsa a sinima, ba wanda ya ga fuskarsa. Ba ni da hotonsa ko ɗaya, Yallaɓai."

"Ba za ki iya zana wani ba?"

"Da wane idon? Ciwon sukari ya cinye su. Kai ma inuwarka kawai nake gani."

Sufeto ya zagaya ɗakin. Ga tsofaffin bindigogi, ga sirdi mai adon azurfa, ba a taɓa su ba. An zare ƙusoshin bayan katakon a hankali, an jingine gilashin da bango don kada ya fashe. Ɓarawon da ke tausayin gilashi ba baƙo ba ne.

Ya sa aka kira masa manajan wurin, Nicanor, wani mai tumbi da ke warin giya.

"Da hannuna na kulle ƙofar nan," in ji Nicanor.

"Ba a fasa kwaɗon ba. Ko dai kai ka yi satar, ko kuma ƙarya kake yi mini. Zaɓi ɗaya, ba ni da lokaci."

Nicanor ya sosa ƙeya. "To, na ɗan leƙa gidan giya ne in jiƙa maƙogwaro. Na manta ban kulle ba."

"Sakarai kawai. Wa ya fita daga garin tun lokacin?"

"Babu. Motar 'yan yawon buɗe ido ba ta tashi sai bayan wasan yamma."

"To a rufe ƙofar gari."

Kofur biyun suka bincike jakunkuna da bargar dawakai da bayan kowace fuskar katako. Ba su samu komai ba.

A gindin coci Sufeto ya ga baƙi sun kewaye wani dattijo mai suna Fulgencio, wanda har yanzu yake wasan harbi da faɗuwa don masu kallo. Ya ɓalle maɓallan kwat ɗinsa har wuya cikin wannan zafi, gumi na tsiyaya daga gemunsa. Yana nuna ƙolin hasumiya.

"Daga can na faɗo," yake cewa. "Ku duba fim ɗin, bayan nan da kuke gani nawa ne."

Sufeto ya ja shi gefe. "Baba, Iya Eduvigis ta ce mijinta ne ya yi faɗuwar nan."

"Rikicin tsufa ke damunta."

"Ka ga zanen?"

"Ni? Me zan yi da wasan yara na makauniya?"

Ran Sufeto ya ɓaci, amma ya haɗiye. Ƙyamar mutum ba hujja ba ce.

Da rana ta yi sanyi aka fara wasa. Sufeto ya tsaya kusa da Nicanor. Bindiga ta tashi, Fulgencio ya dafe ƙirji, ya yi tangaɗi har bakin kwamin da dawakai ke shan ruwa. Sai ya kauce, ya zube a ƙasa.

"Kai, wannan tsoho zai kashe ni!" Nicanor ya yi ƙwafa. "Kullum cikin ruwan yake faɗawa, shi yara ke jira. Yau kuma me ya same shi?"

Sufeto ya ratsa tsakiyar wasan ya tsaya a kan dattijon.

"Tashi. Cire kwat ɗin."

"Yallaɓai, gawa ce ni, ana kallo."

"Na ce ka cire!"

Fulgencio ya ɓalle maɓallan. Farar rigarsa ta ciki ta rine da shuɗi da ruwan ƙasa. A ƙarƙashinta ga takardar zanen, manne da cikinsa, jiƙe sharkaf. Ya guje wa ruwan kwami, ya manta da nasa gumin. Hasumiyar tana nan a zanen, amma sararin sama da mutumin da ke faɗowa a cikinsa sun narke.

"Ban yi niyyar ɓata shi ba," in ji Fulgencio. "Gida zan kai in ɓoye. Tare muka tashi da Casiano, ba zan iya yaga fuskarsa ba." Sai muryarsa ta tashi. "Ni aka fara zaɓa ranar! Na hau, na leƙa ƙasa, ƙafata ta ƙi. Shi ya hau a madadina. Shekara talatin ina ci da wannan faɗuwar, sai gobe a rataye zanen a bango kowa ya gane ni matsoraci ne? Me kake so in yi?"

"Ka ci mutuwarsa, yanzu ka shafe fuskarsa," in ji Sufeto. "Ko kunya ba ka ji."

Nicanor ya riƙo hannun Eduvigis ya kawo ta. Ta shafa takardar, ta ji ta yi laushi ta cukurkuɗe. Mai zane ba ta buƙatar ido ta san abin da ruwa ke yi.

"Fuskar tana nan?"

Sufeto ya so ya yi mata ƙarya, ya kasa. "Ta narke, Iya. Fentin yana jikin rigarsa."

"To ku tuɓe masa. Mijina ba zai kwana a jikin wannan la'ananne ba."

Rigar shaida ce, kotu za ta neme ta. Sufeto ya san haka sarai, amma ya fizge ta ya miƙa wa tsohuwar. Ta rungume ta a ƙirji, da warin gumin da komai, ta zauna a ƙasa tana kuka.

Aka sa wa Fulgencio ankwa, aka tasa ƙeyarsa ba riga, cikinsa shuɗi, aka bi da shi ta tsakiyar titi. 'Yan yawon buɗe ido suka ɗauka cikin wasan ne, suka miƙe suna tafi har aka tura shi mota.