Sunan da Maude Ya Kasa Faɗa

A shekarar da gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja, duniya ta juya wa Maude baya. An yanka hanya ta tsakiyar makiyayarsa, shanunsa suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, sannan zazzaɓi ya ɗauke matarsa, ya bar masa Habiba 'yar shekara huɗu, ƙafafu kamar sillen kara. Allah sarki! Abin da ya rage wa yarinyar shi ne ajin yaran talakawa da aka buɗe a Tungan Maje, inda ake koya musu waƙa a ba su kunu da ƙwai. Sharaɗin ɗaya ne: duk Alhamis uwa ko uba ya zo ya zauna da ɗansa.

Maude bai taɓa fashi ba. Amma Aminatu matar wansa tana kwaɗayin gurbin don ɗanta, sai ta raɗa wa Malama Clara, baƙuwar da aiki ya kawo daga kudu, cewa mutumin ɗan haya ne, ba uban yarinyar ba.

Ranar Alhamis Clara ta tsayar da shi gaban iyaye, ta yi masa magana da gurguwar Hausarta. "Oga, idan kai ne babansa, faɗi sunan yarinya."

Maude ya sunkuyar da kai... Habiba 'yar fari ce, a rugarsu kuwa uba ba ya kama sunan ɗan fari, kunya ce tun ta kakanni. Sau uku ana tambaya, sau uku yana shiru. Clara ta soke sunan, aka karɓe kofin kunu daga hannun Habiba. Ya saɓa ta a kafaɗa tana kuka, shi ma hawaye na bin gemunsa yana cewa Allah na gani.

Nan take Aminatu ta turo ɗanta gaban tebur. Clara ta ɗauki biro ta tambayi sunansa, sai baiwar Allah ta rufe baki da gyale tana murmushi.

"Haba Malama, ɗan fari ne, ai mu ba ma faɗa..."

Nan makircin Aminatu ya fito fili. Biro ya faɗi daga hannun Clara. Ta kori Aminatu, matan da ke wurin suka raka ta da tsaki har bakin titi, ita kuma Clara ta bi Maude da gudu tana roƙon gafara, tana cewa ba sai ya faɗa ba.

Ya dubi 'yarsa. "Habiba. Rubuta, Malama, kar a sake ƙwace mata kofi."