Wadda Ta Kai wa Lailatu Fura

Ranar Talata da hantsi aka kawo Nagoggo caji ofis na Kusada, ƙwaryarta a fashe, fura ta bushe a bakin zanenta. Mai ƙara Sagir ne, manomi daga Mawashi. Jiya-jiya aka binne matarsa Lailatu, ya kuma rantse cewa Nagoggo ce ta zuba mata guba a fura.

Sufeto Abdullatif kwanansa biyu da tashi daga zazzaɓi. Komai yana ganinsa kamar ta cikin ruwa, maganar mutane tana iso shi daga nesa. Ya sa aka rufe matar, ba don ya yarda da zancen ba, sai don mutanen da suka biyo ta da sanduna suna nan tsaye a bakin ƙofa. DPO, shugaban ofishin, ya ba shi zuwa Juma'a. In bai zo da wani abu ba, Katsina za a tura ta da tuhumar kisan kai.

Nagoggo Bafillatana ce daga wata ruga a Kaikai, doguwa, ta manyanta. Ta ce shekara bakwai tana kai fura da nono gidan Lailatu, da ciwo ya kwantar da ita kuma kullum sai ta kai mata kyauta.

"Inna, kun taɓa zuwa wani wuri tare?"

"Ba mu taɓa ba, Yallaɓai."

Ƙasa take kallo da ta faɗa. Sufeto ya rubuta, ya ja layi a ƙarƙashi.

Washegari ya tafi asibitin da Lailatu ta yi kwana tara a Katsina. Damina ta zauna, gero ya kai ƙugu dama da hagu, yana kwantawa yana tashi. Ya jingina kai da gilashin mota, ya ji kamar motar ce a tsaye gonakin ke tafiya.

A ɗakin gwaji ya sami wata ma'aikaciya, Fiddausi. Ta ce ba guba ba ce. Ciwon sanyi ne na mafitsara, ya hau ƙoda, daga nan ya shiga jini. Ta ɗauko wani ɗan faranti mai murfi ta ɗaga shi wajen taga. A ciki suka shuka ƙwayar cutar da ke fitsarin Lailatu, suka jera 'yan fararen takardu takwas, kowace da maganinta. Maganin da ke ci, in ji ta, sai ka ga ya share fili kewaye da shi. Sufeto ya duba. Ƙwayar ta lulluɓe farantin kamar hazo, har jikin kowace takarda. Ya daɗe yana kallo, kamar mai kallon sama da taurari takwas waɗanda ba sa haske.

"Duk maganin da muke da shi ƙwayar nan ta san shi," in ji Fiddausi. "Ranar da sakamakon ya fito, ranar Lailatu ta cika."

Ta ce sau da yawa haka ke faruwa idan cutar ta daɗe tana haɗuwa da magani kaɗan-kaɗan, wanda bai isa ya kashe ta ba. Sai ta saba da shi. Wani ya daɗe yana ba matar nan wani abu.

Da ya kai wa Sagir wannan magana a Mawashi, sai ta zame masa hujja. Ya ce shi ci-rani ya tafi kudu, bai dawo ba sai ruwan farko, kuma bai san matarsa da shan ko ƙwaya ɗaya ba.

"Ka ji da kunnenka, Yallaɓai. An daɗe ana ba ta. To wa ke kawo mata abin sha kullum?"

Sufeto ya nemi a kai shi ɗakin marigayiyar. Ƙamshin turaren wutarta bai gama fita ba. Ga hular da take ɗinkawa a kan gado, allura a soke inda ta tsaya. Har ya ji kamar ta ɗan zagaya ne, yanzu za ta ɗaga labule.

Tsohuwar da ta yi mata wanka, Hawwa'u, tana zaune a tsakar gida tana jan carbi. Da farko ta ce mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani. Sufeto ya tsuguna, ya gaya mata akwai mai rai a kulle saboda wannan shirun. Ta juya carbin sau biyu, sannan ta ce a ɗuwawun Lailatu ta taɓa ƙulli-ƙulli masu tauri kamar ƙwallon goruba, sun fi goma, wasu tsofaffi wasu sababbi. Ta wanke mata da yawa da suka sha allurar asibiti, ba ta taɓa jin irin wannan ba.

Ranar Alhamis da safe ya sa aka fito da Nagoggo, ya ba ta kujera, ya gaya mata abin da ya gani a farantin Fiddausi a Katsina, sannan ya kwatanta mata ƙullin.

"Kin taɓa ganin irinsa?"

"A wuyan shanu," in ji ta.

Daga nan hawaye suka zo, magana ta biyo. Shekara uku Lailatu na fama da zafin fitsari, yana tafiya yana dawowa. Ma'aikacin ɗakin shan magani na garinsu ƙanin mijinta ne, Lailatu ta ce gara ta mutu da ta buɗe baki ta faɗa masa inda ke mata ciwo. Nagoggo ce ta kai ta wurin Dalhatu, mai yi wa shanunsu allura. Yana duba mata marasa lafiya a bayan kara, inda ake cinikin shanu, ranar kasuwar Kankiya, a wata rumfa mai asabari. In ya yi mata, sai ta kwana biyu lafiya. Lailatu ta sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, ko bayan ranta.

"Na ɗauka amana nake riƙewa," in ji ta.

Da azahar suka sami Dalhatu a Kankiya, a inuwar wata bishiyar maina, ya gama yi wa wani bijimi allura yana wanke hannu. Gajere ne mai fara'a. Ya yi wa Sufeto maraba da 'yan sanda biyun da ke bayansa, har da tsokanar cewa ko shanun gwamnati ne ba lafiya.

"Ka san Lailatu matar Sagir?"

"Ni da shanu nake hulɗa, ranka ya daɗe. Mi zai haɗa ni da matar wani?"

"Buɗe jakar."

Kwalabe shida ya jera a kan tabarma. Biyar maganin cikinsu ja-ja ne mai kauri kamar zuma. Ta shida ba ta da takarda a jiki, ruwanta tsararo kamar shayin da aka maimaita. Rana ta ratsa ta ta zuba haske a kan tabarmar, Sufeto ya bi hasken da ido.

"Wannan fa, wace saniya ce ke shan ta?"

Dalhatu ya ce ta maruƙa ce. Wani makiyayi da ke tsaye yana jiran bijiminsa ya yi dariya, ya ce shekara goma Dalhatu na yi wa maruƙansa, bai taɓa ganin wannan kwalba ba.

Fara'ar ta bar fuskar Dalhatu. Ya zauna a kan tabarmar. Ya ce in ya gama da garke, ragowar da ke gindin kwalabe yake tarawa wuri ɗaya. Da ya fara yi wa mata, sai ya ga tana musu zafi, wata har ta kasa taka ƙafa. Sai ya riƙa sirkawa da ruwa.

"Tausayinsu na ji, wallahi. Mace ai ba saniya ba ce. Na ce bari in sassauta musu."

"Sau nawa ka yi wa Lailatu?"

"Na daina ƙirgawa. Daga baya ko na yi ba ta jin sauƙi, sai na ce ta riƙa zuwa duk mako."

Kofur ɗin da ke cikin 'yan sandan ya sa masa ankwa. Bai yi gardama ba, sai dai ya roƙi a gaya wa mai bijimin kada ya kora shi da gudu yau.

La'asar sakaliya suka iso Kusada. Sagir ya saurari bayanin a tsaye, ya rufe fuska da hularsa, ya fita bai kalli kowa ba. Sufeto ya sa hannu a takardar sakin Nagoggo, ya ce ta tafi gida.

Ta fito bakin kantar ofishin daidai lokacin da ake wucewa da Dalhatu zuwa ɗakin da ta bari. Ta matsa ta ba su hanya, ta bi shi da kallo har aka tura ƙofar. Amma ba ta tafi ba.

"Yallaɓai," ta ce a hankali, "wannan mai farantin ta Katsina, ina zan same ta? Ni ma sau huɗu ya yi mini."