Kariyar Babur Ɗin Alu

Bayan magariba Alu, malamin dabbobi, ya turo babur ɗinsa maƙerar Gwadabe a Rano. Ƙarfen da ke riƙe da kariya, wurin ɗora kaya a baya, ya sake tsagewa, daidai inda aka gyara.

Gwadabe ya shafa tsagar, ya ji sanyi ƙalau. "Wannan aikin nauyi ne. Me kake laftawa?"

"Wallahi ba komai! Ko tsohuwar da ta tsai da ni a hanyar Fassi, wucewa na yi, ban amsa sallamarta ba."

Gwadabe ya dubi tayar baya, ta lotsa, alhali ba kowa a kai. Ya rusuna, ya sassauta murya.

"Iya, a ɗan sauka mu yi aiki."

A hankali bayan babur ɗin ya ɗago.